Dambe da Darajar Ɗan Adam: Nazari daga Ƙasar Adar

Gabatarwa

 

Wannan lacca ta shafi dambe, wato wasan da mutum biyu suke fuskantar juna da naushi a tsakiyar taron 'yan kallo bisa ƙa'idojin da dukansu suka yarda da su, kuma manufarta ita ce ta nuna cewa wasan da mutane da dama suke ɗauka shashanci ne na samari yana tona wani abu mai nauyi game da yadda al'umma take auna darajar mutum. Kusan ko'ina aka san dambe a duniya, waɗanda aka mayar baya ne suka fi shiga fagensa, ko dai saboda sana'ar da suka gada, ko saboda launin fatarsu, ko saboda talauci, kuma a cikin fagen ne suke samun abin da aka hana su a wajensa, wato suna da girma da shaidar jama'a. Batun ya dace da ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har zuwa Takanamat da Tebaram da Afala da Barmu, domin ƙasa ce da ta san wasannin maza, ta san tafiya ci-rani, ta kuma san nauyin da ake ɗora wa asali a sha'anin aure da shugabanci da zaman majalisa.

Dambe da ƙa'idojinsa

Damben gargajiya na Hausawa wasa ne mai tsari, ko da yake wanda ya hango shi daga nesa zai iya zaton rikici ne ya ɓarke. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma, sannan a ɗaure shi tam da siririyar igiya da ake kira zare, har hannun ya dunƙule ya yi tauri, kuma da shi ake kai naushi. Ɗaya hannun kuwa a buɗe ake miƙa shi gaba yana aikin garkuwa, ana auna tazara da shi, ana kare fuska, ana ture abokin karawa. Turmi-turmi ake yin wasan, turmi kuwa shi ne zagaye ɗaya na karawa, kuma bisa al'ada uku ake yi, idan babu wanda ya faɗi sai alƙali ya raba su a ce babu kisa. Kisa a bakin 'yan dambe shi ne a buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, kuma da zarar haka ta auku wasa ya ƙare, ba a ƙara kai masa hannu.

A da, lokacin kaka ne lokacin dambe, bayan an kai amfanin gona gida, hatsi ya wadata, jiki ya huta daga noma, sai 'yan dambe su riƙa bin garuruwa tare da makaɗansu suna neman abokan karawa. Makaɗi ba rakiya kawai yake yi ba, domin shi ne mai riƙe da taken kowane gwani, wato kiɗan da aka keɓe masa wanda da an buga shi kowa ya san wa ake kira, shi ne kuma mai zuga shi har ya miƙe ya yi kirari ya shiga fage. Ta wannan hanya ce sunayen Shago da Ɗandunawa suka wanzu a bakin Hausawan Nijar da Najeriya, saboda waƙoƙin da Ɗan'anace, makaɗin maza na ƙasar Sakkwato, ya yi musu. A gidajen damben zamanin nan, irin na Kano da na Ali Zuma da ke Dei-Dei kusa da Abuja, 'yan wasa sun kasu ɓangarori da ake kira Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, kuma yaro yakan ɗauki sunan wanda ya horar da shi, a kira shi Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane, abin da yake nuna cewa dambe yana da silsilar koyo kamar kowace sana'a.

Dambe da mahauta

Tarihin damben Hausa a haɗe yake da sana'ar fawa, wato yanka dabbobi da sayar da nama, kuma shaidar wannan a rubuce ta kai shekara 200. Baturen Ingila mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya zauna a Kano a farkon shekarar 1824, ya rubuta cewa ya biya wuri domin a yi masa dambe a ƙofar masaukinsa, kuma waɗanda suka zo tare da 'yan wasan da makaɗansu mahautan gari ne, ya kuma hana a yi wasan da gaske saboda an gaya masa ana iya rasa rai a cikinsa. Kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta a kasuwa, shi ne kuma aka fi ji a fagen dambe, kuma Sarkin Fawa, shugaban mahautan gari, yana cikin waɗanda ake girmamawa a wurin.

Muhimmancin wannan alaƙa yana fitowa ne idan aka duba inda al'ummar Hausawa ta ajiye mahauci. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya bayyana a wani nazari na 1959 cewa Hausawa suna jera sana'o'i hawa-hawa, masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye da su, sannan manoma da masu sana'ar hannu, a can ƙasa kuma mahauta da makaɗa da 'yan dako. Wannan jeri ba ya duba amfanin sana'a, domin babu suna ko aure ko walimar da take cika ba tare da mahauci ba, kuma babu kasuwar dabbobi a Adar, ko ta Tawa ko ta Badagishiri ko ta ƙaramin ƙauye, da za ta ci ba tare da rumfarsa ba. Duk da haka, gidaje da yawa sun daɗe suna ƙin ba ɗan mahauci aure, ko da ya fi mai neman da aka fifita a kansa dukiya da ladabi da riƙon addini.

Mutanen da aka yi wa wannan matsayi su ne suka riƙe dambe suka raya shi, kuma dalilin bai ɓuya ba. Ɗan sarki yana da gadon da zai yi tinƙaho da shi, ɗan malami yana da karatun gidansu, attajiri yana da dukiyarsa, amma saurayin da aka haifa a gidan fawa yana da ƙarfin da ɗaukar nama da kayar da shanu suka gina masa, yana da zuciyar da ta saba ganin jini, kuma fagen dambe ne wurin da waɗannan abubuwa biyu suke zama abin yabo. A can makaɗi yana kiran sunansa kamar yadda ake kiran sunan basarake, masu kuɗi suna yi masa kari, mata da yara suna maimaita kirarinsa, kuma babu mai tambayar ɗan wane ne kafin ya yarda cewa ya yi kisa.

Abin da fage yake koyarwa game da rayuwa

Darasi na farko ya shafi tsoro. Babu ɗan damben da ba ya jin tsoro, domin ya fi kowa sanin abin da dunƙulallen hannu yake yi wa haƙori da ido, kuma jarumtarsa ita ce ya mallaki tsoron har ya iya tsayawa yana lura da ƙafar abokin karawarsa da kafaɗarsa maimakon ya runtse ido ya kai naushin hauka. Hausawa suna cewa faɗuwar gaba asarar namiji, kuma manyan 'yan dambe sun san cewa fushi ma asara ce irin wannan, domin wanda ya fusata yakan buɗe kansa, mai haƙuri ya same shi. Saboda haka turmi yakan ɗauki lokaci mai tsawo mutum biyu suna durƙushe suna auna juna ba wanda ya kai hannu, kuma masanin wasa ya san cewa a cikin wannan jira ne ake cin nasara ko a rasa ta.

Darasi na biyu ya shafi iyaka. Abin da ya raba dambe da faɗan kan titi shi ne yardar juna da ƙa'ida da shaidu, domin ba a tilasta wa kowa shiga, ba a taru a kan mutum ɗaya, ba a bugun wanda ya faɗi, kuma wanda ya yi nasara yakan miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Al'ummar da ta tsara haka ta fahimci cewa zafin jinin samari ba ya gushewa don an yi masa wa'azi, sai dai a yi masa wuri da lokaci da doka, a sa dattawa su tsaya a kansa. Irin wannan hikima ce take cikin kokowar manoma da sharon Fulani, inda saurayi yake tsayawa a tsula masa bulala ba tare da ya nuna jin zafi ba, kuma duka ukun hanyoyi ne na gwada namiji a bainar jama'a ba tare da an bar gaba a tsakanin gidaje ba.

Darasi na uku ya shafi faɗuwa, kuma shi ne mafi wuyar karɓa. Babu gwanin da ba a taɓa kayarwa ba, kuma duk wanda ya daɗe a fage wata rana yaron da ya girma yana kallonsa ne zai buge shi a gaban mutanen da suka saba yi masa tafi. Ɗan dambe yana koyon faɗuwa a idon jama'a, ya tashi ya kakkaɓe ƙasa, ya dawo wani mako ya sake sa zare, alhali mutane da yawa masu muƙami da dukiya suna ƙare rayuwarsu ba su iya amsa kaye ko sau ɗaya ba. A ƙasar da damina ɗaya take iya cinye wahalar shekara, kamar yadda Adar ta gani a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, sanin yadda ake tashi bayan faɗuwa ilimi ne da kowane magidanci yake bukata.

Dambe da launin fata a duniya

Damben zamani, wanda aka ɗora a kan dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867, masu wajabta safar hannu da zagaye na minti uku da ƙirga goma ga wanda ya faɗi, ya zama fagen da aka gwada da'awar fifikon farar fata a gaban duniya. A ranar 26 ga Disamba 1908, a birnin Sidni na Ostareliya, Jack Johnson, ɗan iyayen da aka haifa cikin bauta a Amurka, ya doke Tommy Burns ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi. Turawan Amurka suka roƙi tsohon zakara Jim Jeffries ya dawo ya ƙwato musu girmansu, Johnson ya doke shi a garin Reno ranar 4 ga Yuli 1910, kuma a daren nan tarzoma ta tashi a birane da yawa, aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe. A 1913 aka yanke masa hukunci a wata shari'a da ta shafi hulɗarsa da wata Baturiya, hukuncin da ba a yafe ba sai a 2018, shekara 72 bayan mutuwarsa, kuma bayan ya rasa kambun a 1915 ba a sake ba wani baƙar fata damar nemansa ba sai a 1937.

Labarin da ya fi kusa da ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka shi ne na Battling Siki, wanda aka haifa a Sanlui ta Senegal a 1897, ya yi wa Faransa yaƙin duniya na farko har aka ba shi lambobin jarumta. A ranar 24 ga Satumba 1922, a Faris, ya kayar da Georges Carpentier, gwarzon Faransawa, a zagaye na shida, amma alƙalin wasa ya fara da cewa Siki ne ya yi laifi, sai da 'yan kallo suka tayar da ƙura kafin a mayar masa da nasararsa da kambun duniya. Jaridun lokacin suka ci gaba da siffanta shi kamar dabbar daji, alhali mutum ne da ya girma a Faransa ya zubar mata da jini, kuma a Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a wani titin Niyok an harbe shi, yana da shekara 28. Sai a 1993 aka mayar da ƙasusuwansa Sanlui aka binne shi cikin danginsa.

Joe Louis, baƙar fata ɗan Amurka, ya buge Bajamushe Max Schmeling a zagayen farko a Yuni 1938, a lokacin da gwamnatin Hitila take yaɗa aƙidar fifikon jinsi, Amurka duka ta yi murna da shi, amma da ya shiga soja rundunar da take ware baƙaƙe daga farare ce ta karɓe shi, kuma ya tsufa cikin bashin haraji duk da ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949. Muhammad Ali, wanda ya ci kambu a 1964 ya kuma bayyana musuluntarsa ya ajiye sunan Cassius Clay, shi ne ya fitar da gwagwarmayar daga fage zuwa gaban hukuma, domin a 1967 ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa aka hana shi wasa fiye da shekara uku, a 1971 kuma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa, sannan ya sake karɓar kambun daga hannun George Foreman a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974.

Abu biyu ne suke fitowa daga waɗannan labarai. Na farko shi ne cewa ƙaryar fifikon jinsi tana iya daɗewa a littafi da majalisa da kotu, amma ba ta jure fagen da mutum biyu suke tsayawa a ƙarƙashin doka ɗaya dubban idanu suna kallo, kuma wannan ne ya sa masu iko suka ji tsoron nasarar Johnson har majalisar dokokin Amurka ta hana kai finafinan dambe daga jiha zuwa jiha a 1912. Na biyu, wanda ya fi ɗaci, shi ne cewa nasara a fage ba ta sauya doka ko aure ko mallakar ƙasa da kanta, domin jama'a tana iya yi wa mutum tafi da yamma ta kuma hana shi zama cikinta da safe.

Adar: asali da ci-rani da wasan da hukuma ta zaɓa

Wariyar launin fata ta Amurka da fifikon asali na ƙasar Hausa ba abu ɗaya ba ne, domin mahauci ɗa ne mai cin gashin kansa, yana mallakar dukiya, yana zuwa hajji, yana da sarautarsa a fada. Amma tushen hukuncin iri ɗaya ne, wato a yanke wa mutum matsayi tun kafin ya aikata komai. Tarihin Adar, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya bayyana shi a littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, tarihi ne na al'ummomi da suka hau kan juna: Azna masu ƙasa da tsafinta, zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas waɗanda suka riƙe sarautar Adar har ta zauna a Illela, Abzinawa masu raƙuma da takobi, malamai, maƙera waɗanda Nicole Echard ta yi nazarinsu, da kuma bayi. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 a kan Adar, ta bi sawun yadda jikokin bayi suka nemi 'yancinsu ta hanyar tafiya da ƙwadago a wasu ƙasashe. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta ta 2003, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka riƙe a matsayin baiwa a yankin Ƙonni cikin jihar Tawa, cewa hukuma ta kasa kare ta. Wannan yana nuna cewa tambayar asali a Adar magana ce mai rai.

Saurayin Adar da yake barin Keita ko Buza ko Takanamat bayan girbi ya nufi Abijan ko Legas ko Libiya yana neman abin da ɗan dambe yake nema a fage, wato wurin da ba a san kakansa ba, inda aikinsa ne kaɗai zai yi masa shaida. Jikinsa ne jarinsa, kamar yadda yake ga ɗan dambe, kuma idan ya dawo da abin hannu ana yi masa maraba, idan ya dawo da ciwo shi da iyalinsa ne suke ɗauka.

A cikin wasannin maza, kokowa ce hukumar Nijar ta ɗauka ta ɗaukaka. A birnin Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, zamanin Seyni Kountché, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma daga nan wannan gasa, wadda ake kira gasar takobi, ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi, kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokowa goma, rediyo da talabijin suna watsawa, an kuma gina filaye irin na Hamidine Maidare da ke Tawa. Zaɓin yana da hujja, domin kokowa wasa ce da Hausawa da Zabarmawa da Barebari da sauransu suka yi tarayya a cikinta, ba ta cika zubar da jini ba, kuma ta dace da ƙasar da take neman abin da zai haɗa kan 'ya'yanta. Sai dai sakamakonsa shi ne wasan manoma ya sami takobi da doki da kujerar gwamna a gefen fage, wasan mahauta kuma ya tsaya a bayan kasuwa, wato jerin sana'o'i na da ya sake bayyana a cikin jerin wasanni. Abin lura kuma shi ne cewa lambar yabo ta farko da Nijar ta samu a gasar Olamfik daga dambe ta zo, lokacin da Isaka Dabore ya ci tagulla a Munik a 1972, kuma ƙasar ta jira shekara 44 kafin Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo azurfa a wasan taikwando a 2016.

Hujjojin masu suka

Masu sukar dambe suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma wanda yake son 'yan dambe da gaske shi ya fi cancanta ya saurare su. Ta fuskar addini, ingantattun hadisai sun hana bugun fuska, fuska kuwa ita ce inda ɗan dambe ya fi nufa, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi da ke Makka ta yanke a 1987 cewa dambe irin wanda ake yi a filayen gasa haramun ne saboda an gina shi a kan cutar da juna, alhali kokowa tana da madogara a ruwayar da ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kayar da Rukana. Malamai suna ƙara da batun layu da guraye da surkullen da wasu 'yan wasa suke dogara da su, da caca da shaye-shayen da sukan raɓi gidajen dambe.

Ta fuskar lafiya, tun 1928 wani likitan Amurka mai suna Harrison Martland ya bayyana lalurar da take kama waɗanda suka daɗe suna shan naushi a ka, wadda take farawa da sanyin ƙafa da karkarwar hannu da nauyin harshe, ta kai ga gushewar tunani. Haɗarin ya ƙaru a damben Hausa tun da ya tashi daga wasan kaka ya koma sana'ar kullum a gidajen da ake biyan kuɗin shiga, domin wanda aka buge jiya yana iya sa zare yau saboda ba shi da abin kai wa gida, kuma sau da yawa ba a daidaita nauyin masu karawa. Hotunan wasan da ake ɗorawa a YouTube da Facebook sun kai dambe gaban miliyoyin masu kallo a duniya, amma yawan masu kallo ba ya warkar da ido ko muƙamuƙi, kuma tarihin Siki da Louis ya isa gargaɗi cewa riba takan tsaya a hannun masu shirya wasa, ciwo kuma ya bi ɗan wasa gida.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, nauyi uku ne suke hawa kan al'umma. Na farko yana kan masu shirya wasa da hukumomin wasanni, cewa duk inda za a sa zare a sami ma'aikacin lafiya, a haɗa masu nauyi ɗaya, a tilasta hutu ga wanda aka buge, a hana yara ƙanana shiga, a kuma ware wani kaso na kuɗin ƙofa domin waɗanda wasan ya naƙasa. Na biyu yana kan masana, musamman malamai da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, cewa su shiga garuruwan Adar su naɗi abin da dattawan mahauta da makaɗa da tsofaffin 'yan kokowa suke riƙe da shi na take da kirari da sunayen gwanaye, domin tarihin talakawa a bakinsu yake, kuma kowane dattijo da ya rasu da rabonsa yake tafiya.

Na uku ya fi sauran nauyi, kuma yana kan kowane uba da liman da mai gari. Ko mutum ya yarda da halaccin dambe ko bai yarda ba, ƙa'idar da take cikin fagensa, cewa doka ɗaya ce ga kowa kuma aiki ne yake ba da girma, ƙa'ida ce da Musulunci ya riga ya shimfiɗa lokacin da ya sanya taƙawa ta zama ma'aunin fifiko tsakanin mutane. Bai kamata ɗan mahauci ko ɗan maƙeri ko jikan bawa ya bukaci a fasa masa baki a gaban taro ba kafin a yarda cewa mutum ne cikakke. Wajibi ne a yi masa wannan adalci a wurin neman aure da rabon gona da zaɓen shugaba da limanci, domin a waɗannan wurare ne ake gina rayuwa, kuma a nan ne za a tambayi al'umma abin da ta yi da 'ya'yanta. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon yin adalci, Ya kuma zaunar da ƙasar Adar da Nijar baki ɗaya lafiya.